Dagona, Gashua da Nguru: Hutun tarihi da abinci da ma'aikatan Abuja ke tsallakewa

Idan shekara ta zo ƙarshe, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Abuja, hira a ofisoshin Sakatariyar Tarayya takan karkata ga maganar hutu. Mai niyyar Umra yana lissafin kuɗin kujera, mai iyali yana tunanin hanyar gida. Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda aiki ya taɓa kai su Italiya, ko taron Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rum, ko kwas a cibiyar horaswa ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ke Turin. Su ne ke dawowa da labarin Fulorans: babbar ƙubbar jan bulo da Brunelleschi ya kammala a 1436, da zane-zanen da ke gidan Uffizi, da ƙaramin gidan abinci a lungu wanda tsohuwa ke murza taliya da hannunta. Mai sauraro sai ya ji ransa ya biya, har ya fara tambayar kuɗin biza, wanda tun tsakiyar 2024 ya koma Yuro 90, ban da tikitin jirgi da masauki.

A daidai wannan lokaci ne wasu matafiya ke yin hijira ta akasin wannan hanya. Daga watan Oktoba, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa kan baro Turai da yammacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum, wasunsu ta kan Italiya, su ratsa Sahara, sannan su sauka a dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashua. Ɗaya daga wuraren da suka fi shahara da saukarsu shi ne tafkin Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe. Abubuwa uku da ke kai mutum Fulorans, wato tarihi da fasaha da abincin gari, duk akwai su a wannan yanki gwargwadon hali. Bambancin shi ne can an tattala su, nan kuwa ana neman a yi sake da su, kuma wani ɓangare na makomarsu yana cikin fayil-fayil da ke kan teburan Abuja.

Tafkin da Yarima Philip ya zo gani

Dagona ƙauye ne da ke gefen hanyar Nguru zuwa Gashua. Tafkinsa tsohuwar kwanar kogi ce da ruwa ya yanke ya bari, shi ya sa yake lanƙwashe kamar lauje. Idan kogi ya yi ambaliya da damina sai ya cika, sannan ya riƙa ja da baya sannu a hankali har rani ya tsananta. Wannan ja da baya shi ne sirrin wurin, domin taɓon da ruwa ke bari cike yake da tsutsa da ƙwari da ƙwayar ciyawa, abincin da baƙin tsuntsaye suka yi tafiyar dubban kilomitoci dominsa.

Wanda ya isa bakin ruwan kafin fitowar rana a watan Janairu zai fara jin wurin kafin ya gan shi. Kirinjijiya na feɗuwa a garke, dinya na ratsa sararin sama da nauyin fiffikenta, zalɓe na tsaye a ruwa kamar an dasa shi, balbela kuwa ta yi wa rassan bagaruwa fari fat. A tsakaninsu ne baƙin suke, ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda sai mai ido ko mai madubin hangen nesa ke iya bambancewa. Masana sun ƙidaya sama da nau'in tsuntsaye 370 a ɗaukacin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma ƙidayar watan Janairu ta nuna tsuntsayen ruwa sama da 200,000 a kowace shekara daga 1995 zuwa 1997.

Duniya ta daɗe da sanin darajar wurin. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje, aka ajiye ofishinsa a Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa a matsayinsa na shugaban asusun kare namun daji na duniya, WWF. A 1991 aka sanya yankin cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda ya ƙunshi sassa uku: dausayin Bade da Nguru, da tsibiran dabino da tuddan rairayi na Bulatura a Yusufari, da dajin Chingurmi-Duguma a Borno. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, tafkin Dagona ya bi sahu a 2008, sannan a 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen muhallin halittu. Takardun yabo dai sun cika jaka. Abin da maziyarci zai lura da shi shi ne tazarar da ke tsakanin waɗannan takardu da abin da ke ƙasa.

Birnin jan bulo da takardar Italiya

Mai neman tsohon birni a wannan yanki sai ya dubi gabas. Can bayan Geidam, kusa da Kogin Yobe, akwai kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a rabi na biyu na ƙarni na 15 ya zama babban birnin Daular Borno. Ma'ana, lokacin da Lorenzo na gidan Medici ke riƙe da Fulorans, daga 1469 zuwa 1492, a lokacin ne Sayfawa ke ɗaga ganuwar birninsu. Birnin ya yi sama da shekara 300 yana mulkin ƙasashen Tafkin Chadi, har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci shi. Abin da ya bambanta shi da biranen Hausa na zamaninsa shi ne jan bulo. An gina fada da wasu manyan gidaje da tubalin da aka gasa a wuta, haka ma fadar Gambaru da ke kusa. A zamanin Mai Idris Alauma, a ƙarshen ƙarni na 16, aka gina masallatai da irin wannan tubali, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta a tarihin da ya bari. Denham da Clapperton sun ga kufan a 1823, Heinrich Barth ma ya bi ta can a 1851. A yau abin da ya rage shi ne tudun ganuwa mai zagaye, faɗinsa kimanin kilomita 2, da ɓurɓushin bulo a cikin rairayi.

Alaƙar wannan ƙasa da Italiya ta girmi jirgin sama. A birnin Benis aka buga littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a 1550, kuma a cikinsa ne masu karatu da yawa a Turai suka fara cin karo da sunayen Borno da Kano da Katsina da Gobir. Akwai kuma wata alaƙa da ake iya riƙewa a hannu. Duk wanda ya samu tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na ƙarni na 19 a gidan malamai a Nguru ko Gashua, ya ɗaga warƙa ɗaya ya haska ta da rana, akwai yiwuwar ya ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar. Wannan takarda a arewa maso gabashin Italiya ake yin ta, musamman a masana'antar gidan Galvani da ke yankin Pordenone, fatake su ɗauko ta ta Tarabulus ko Alƙahira, raƙuma su ƙetare Sahara da ita. A kanta marubutan Borno suka shimfiɗa rubutunsu mai kauri da aka fi sani da Barnawi, da tawada baƙa da ja da rawaya, har ana mayar da cikakkun kwafe kasuwannin Arewacin Afirka a sayar.

Wannan fasaha ba ta mutu ba. A tsangayun Nguru da Gashua har yau akwai alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da masu zayyanar allo domin ɗalibin da ya yi sauka, da dukawan da ke ɗinka gafaka. Babu ɗakin baje koli da aka tara su a ciki, sai dai maziyarci ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya yi sallama, ya zauna a tabarma. Wanda ya yi haka zai ga aikin da, a wata ƙasa, da gilashi za a rufe shi a sa masa mai gadi.

Tsohon abin fasaha mafi daraja da Yobe ta mallaka kuwa ya girmi duk wani gini na Italiya. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune, ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. An adana shi a Damaturu. Wanda ya gan shi sannan ya ga masunci na tuƙa nasa a Dagona zai fahimci cewa sana'ar ruwa a wannan ƙasa ta riga sarauta da kasuwa zuwa.

Gogaram da Gashua

Ƙasar da Dagona ke ciki ƙasar Badawa ce. Harshensu ɗan uwan Ngizim ne, kuma dangin Hausa ne na nesa a cikin harsunan Chadi. Tarihinsu na ƙarni na 19 tarihin ƙaramar al'umma ce da ta tsinci kanta tsakanin manyan dauloli biyu, Borno a gabas da masarautun Daular Usmaniyya irin su Haɗeja da Katagum a yamma da kudu. Mai Lawan Babuje ne ya haɗa kan garuruwan Bade, ya gina birni mai ganuwa a Gogaram, kudu maso yammacin Gashua, cikin fadamu da kurmi inda dawakin mahara ba sa sakewa. Daga can aka yi mulkin Bade fiye da shekara ɗari, kafin a mayar da fada Gashua a 1946. Gogaram ta ci gaba da zama gidan kakanni, kuma a can ake yin bikin kamun kifi da al'adu na Bade, wanda ake kira Mauyi Ganga, a cikin rani.

Bikin ya yi kama da na Argungu ta fuskar tsari: a hana kamun kifi a wani yanki na ruwa har ranar biki, sannan a saki masunta da gora da koma su faɗa a lokaci guda. Ana haɗawa da tseren kwale-kwale da ninƙaya da kaɗe-kaɗen gargajiya. Rashin tsaro ya sa an yi shekaru ba a yi shi ba, kafin a farfaɗo da shi. Argungu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, hawan sallar Kano ya shiga a 2024. Na Bade bai samu irin wannan tallar ba, amma wannan ma wata riba ce ga maziyarci, domin har yanzu biki ne na masu shi, rumfunan manyan baƙi ba su rufe ruwan ba.

Gashua kanta gari ne na bakin kogi. A kusa da ita ne ruwan Haɗeja, wanda ya taso daga ƙasar Kano, da ruwan Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, ke haɗuwa su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2013 aka samu ƙarin masaukai da gidajen abinci, amma ran garin yana bakin gada da kasuwar kifi.

Nguru, inda layin dogo ya ƙare

Nguru ta daɗe tana bakin iyaka. A zamanin Ngazargamu nan ce mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daula, kuma daga Borno ne wannan sarauta ta Galadima ta bazu zuwa fadojin ƙasar Hausa, tare da 'yan uwanta irin su Ciroma da Yarima. Sabuwar Nguru kuwa 'yar jirgin ƙasa ce. A 1930 layin dogo daga Kano ya iso garin, tafiyar kimanin kilomita 230, ya tsaya a nan. Duk kayan da arewacin Borno da kudancin Nijar ke fitarwa, gyaɗa da ƙiraga da ƙaro da shanu da kanwa, sai suka riƙa taruwa a tashar. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Kwara da Larabawa suka buɗe kantuna, Yarbawa da Ibo suka zo aiki, Mangawa da Hausawa da Fulani suka cika kasuwa. Shi ya sa har yau Nguru ke da kamannin birni fiye da girmanta.

Tsohuwar tashar da gidajen ma'aikatan reluwe da manyan rumbunan ajiya suna nan, wasu sun tsufa, wasu an mayar da su wani abin. Wanda ya san yadda Turawa ke mayar da irin waɗannan gine-gine gidajen tarihi da wuraren shan shayi zai tsaya ya yi tunani. Da yamma kuma sai a gangara bakin tafki, inda kwale-kwale ke sauke itace da kifi da fasinjojin ƙauyukan cikin ruwa.

Abin da ke cikin akushi

Abincin wannan yanki ruwa ne ya tsara shi. Kifi ne kan gaba: tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu da gaiwa, kowanne da masoyansa da yadda ake sarrafa shi. Karfasa ta fi daɗi ɗanya, a soya ko a gasa a bakin ruwa a barbaɗa mata yaji. Tarwaɗa kuwa ita ce sarauniyar banda. A lanƙwasa ta, a soke da tsinke, a jera a kan waya bisa murhun ƙasa, hayaƙi ya yi ta ratsa ta har ta yi baƙi-baƙi tana sheƙi. A kwali-kwali ake loda ta a manyan motoci zuwa Kudu, kuma ba mamaki wadda ake saye a kasuwar Wuse ko Utako da tsada daga nan ta taso. Bambancin wadda aka sauke daga wuta jiya da wadda ta yi mako uku a hanya, harshe kaɗai ke iya bayyana shi.

Sai hatsi. Burabusko, wanda wasu ke kira biski, shi ne abincin girmamawa a gidajen Kanuri da Manga: a surfa gero, a ɓarza shi, a turara har ya yi washar-washar, a zuba miyar yakuwa ko ta kuka ko ta kuɓewa busasshiya da bandar kifi a ciki, a kwarara man shanu. Shinkafar fadama, wadda ake shukawa kafin ambaliya ta taso tare da ruwa, tana da ƙamshin da ta buhu ba ta da shi. Da rani kuma, bayan ruwa ya janye, fadamun kan koma lambunan tattasai da albasa da tumatir da alkama, wake kuma ya bi laimar da ta rage.

Nama ma yana da tarihinsa a nan. Tun zamanin jirgi Nguru ta yi suna wajen busar da nama ana aikawa Ibadan da Legas, kuma wannan gwaninta ta rage a hannun masu kilishi da tsire na garin. A gidan biki ana iya dacewa da danderu, naman da Kanuri ke dafawa a hankali da kayan ƙamshi har ya saki ƙashi. Fulanin da ke sauka fadama da rani suna kawo kindirmo da man shanu. Yara na tallar goruba da aduwa da magarya da bado. Itacen gorubar nan kuma shi ke ba da kaba, wadda mata ke saƙa tabarmi da faifai da igiya da ita, sana'ar da ke riƙe da gidaje masu yawa a ƙauyukan dausayin. Wanda zai koma Abuja da tsaraba, ga tabarmar kaba, ga turaren wuta da humra, ga hular zanna, ga banda.

Dabarar da Italiya ta yi

Italiya ta fi kowace ƙasa yawan wuraren tarihi a jerin UNESCO, sun haura 60, alhali Najeriya na da biyu, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Amma abin koyi a wurinta ya wuce yawan gine-gine. Italiyawa sun ɗaure abinci da sunan garinsa ta hanyar doka, ta yadda babu mai sayar da cuku da sunan Parmigiano Reggiano sai wanda ya yi shi a yankin da aka ƙayyade, bisa ƙa'idar da aka rubuta. A 1985 suka yi dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gonarsa ya ciyar da su abin da ya noma, kuɗin yawon buɗe ido ya shiga ƙauye kai tsaye. A 1986 kuma Carlo Petrini da abokansa suka fara fafutukar kare girkin gargajiya, wadda ta zama ƙungiyar Slow Food.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Yobe. Bandar Gashua da kilishin Nguru suna da suna a bakin mutane, amma babu tambari ko ma'aunin inganci da zai sa mai sarrafa su ya ci ribar sunan. Da zarar kwali ya bar gari, dillali ne ke cin moriya. Masaukin baƙi mai ɗaki huɗu a Dagona, wanda mutanen ƙauyen ke gudanarwa, da matasa biyar da aka koya wa sunayen tsuntsaye da riƙe madubin hange, za su sa mai gona a bakin tafki ya ga cewa agwagwa mai rai ta fi wadda aka harbe kawo kuɗi. Italiya ma tana da nata ciwon kai, domin cunkoson baƙi ya sa Benis ta fara karɓar Yuro 5 daga masu shiga na yini ɗaya a 2024. Dagona na fama da kishiyar wannan matsala.

Ruwan da ake yanke hukuncinsa a ofis

Duk abin da aka lissafa a sama, tsuntsu da kifi da shinkafa da kaba da kiwo, a kan abu ɗaya ya dogara, wato ambaliyar shekara-shekara da janyewarta a kan lokaci. Wannan tsari ya fara sauyawa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano. Madatsun sun rage ƙarfin ambaliyar damina, kuma ruwan da ake saki da rani domin noman rani da shan birnin Kano ya sa wasu magudanan ba sa bushewa sam. A irin wannan ruwa mai kwanciya ne ciyawar kacalla ke bunƙasa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Sakamakon haka ruwa ya karkata, wasu ƙauyukan wajen Nguru suka riƙa nutsewa, wasu na ƙasa suka rasa abin da suka saba samu. Tafkin Dagona kansa yakan ƙafe da wuri a shekarun ƙarancin ruwa, kuma idan babu ruwa tsuntsaye ba sa jiran kowa. A shekarar da sama ta yi yawa kuma, kamar 2022, toshewar magudanai kan ƙara wa ambaliya muni.

Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da dausayin ke samarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da babban aikin noman rani na Kogin Kano, suka gano cewa kowace ma'auni ta ruwa ta fi kawo amfani nesa ba kusa ba idan aka bar ta ta isa dausayi. Wannan bincike ya shiga littattafan jami'o'in duniya. A 2006 jihohi shida da ke kan wannan ruwa, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan. Har yanzu kuma maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wanda shi ne babban reshen da ba a datse ba, takan taso lokaci zuwa lokaci.

A nan ne labarin ya shafi mai karatu kai tsaye. Madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya. Tafkin Dagona yana hannun Hukumar Gandun Dazuzzukan Ƙasa, ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Kufan Ngazargamu da kwale-kwalen Dufuna sun shafi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Tashar Nguru ta Hukumar Jiragen Ƙasa ce. Kuɗin yashe magudanai da sare kacalla kuwa layi ne a kasafin kuɗi, wanda wani mataimakin darakta zai rubuta wa taƙaitaccen bayani, wani hadimin ɗan majalisa zai tuna da shi ko ya manta a zaman kwamiti. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Jami'in da ya taɓa shiga kwale-kwale ya ga yadda kacalla ta rufe hanyar da ƙauye ke bi zuwa kasuwa, da wani ido zai karanta wannan layi.

Ga mai niyyar tafiya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suka cika, hanyoyin fadama suka bushe, zafi bai sauko ba. Daga Abuja hanya mafi sauƙi ita ce a sauka Kano, a bi ta Gumel da Malam Madori zuwa Nguru, daga nan a miƙe Gashua. Mai son tuƙi kuma yana iya bi ta Jos da Bauchi da Potiskum, ya ratsa Jakusko. Kwana huɗu sun isa: ɗaya a Nguru, asubahi ɗaya a Dagona, ɗaya a Gashua da Gogaram, ɗaya na komowa. Ga babban ma'aikaci mai hutun kwana 30 a shekara, wannan bai kai kashi ɗaya cikin bakwai ba.

Dagona yanki ne na gandun dajin ƙasa, saboda haka sai an nemi izini da rakiyar jami'an gandun kafin shiga, kuma ladabi ne a fara gaida mai gari. Maganar tsaro kuwa ba a yi mata kwaskwarima. Yobe ta sha wahalar rikicin Boko Haram, kuma ko da yake Nguru da Gashua sun fi gabashin jihar kwanciyar hankali, zuwa Geidam da Ngazargamu na buƙatar shawarar hukumomi da ta 'yan gari a ranar tafiya. A guji tafiyar dare. A riƙe rigar sanyi domin asubahin hunturu a bakin ruwa ba ya wasa, a riƙe gidan sauro, a riƙe kuɗi a hannu domin ba ko'ina ake samun sabis ba. A nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, musamman mata da almajirai.

Kada kuma a je da tsammanin otal mai tauraro biyar ko allunan bayani a kowace kusurwa. Abin da za a tarar shi ne masauki mai sauƙi, da jagoran da zai yi bayani da Hausa mai gardin Kanuri, da kwanon burabusko da ba za a bari baƙo ya biya kuɗinsa ba idan a gida aka sauke shi. Hanyar ramawa ita ce a sayi tabarma a hannun wadda ta saƙa ta, a sallami mai kwale-kwale da kyau, sannan idan an koma ofis, fayil ɗin Haɗeja da Nguru ya zo wucewa, a buɗe shi a karanta har shafin ƙarshe.